Kaluluwar da ba ta sacewa: limfoma a jikin mai ɗauke da ƙwayar cutar sida

Duk wanda ya taɓa yin miki a ƙafa har kaluluwa ta fito masa a matsematsi ya san jiki na da wasu ƴan ƙulle-ƙulle masu kumbura idan cuta ta shigo. Akwai su a wuya, a hammata, a matsematsi, wasu kuma can cikin ƙirji da ciki inda hannu ba ya kaiwa. Galibi da miki ya warke sai kaluluwa ta sace, a manta da ita. Wadda za mu tattauna a kanta ita ce wadda ba ta sacewa, ba ta zafi, ba ta yin ruwa, sai ƙara girma mako bayan mako, a jikin mutumin da ke ɗauke da ƙwayar cutar sida, wadda takardun likita ke rubutawa VIH. A Tahoua fassara biyu ake saurin yi wa irin wannan kumburi. A gida a ce daji ne ko jifa, a likita kuma a ce tarin fuka ne ya sauka a wuya. Sau da yawa maganar likita ce daidai. Amma akwai abu na uku da ake makarar tunawa da shi, wato limfoma, sankarar da ke tashi daga ƙwayoyin garkuwar jiki su kansu. Tana da saurin kisa idan an bar ta, kuma tana cikin ƴan sankarorin da magani ke iya warkarwa sarai.

Kafin a gane yadda take tashi sai an san waɗanda ke zaune cikin kaluluwa. Fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira limfosit, kuma manyan gidajensu biyu ne. Ƙwayoyin B su ke haɗa sinadaran da ke kama cuta su riƙe ta. Ƙwayoyin T kuma kashi biyu ne: CD8 masu kashe duk ƙwayar jikin da ta lalace ko cuta ta shige ta, da CD4 masu ba da umarni, waɗanda in ba su sauran ba sa aiki yadda ya kamata. Mai lafiya yana da CD4 tsakanin 500 da 1,500 a kowace mikrolita ta jini. VIH cikin CD4 take shiga, tana hayayyafa a ciki tana kashe su, shekara bayan shekara, har adadin ya faɗo ƙasa da 200, matakin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira ciwo ya yi nisa.

To ga abin da ke ɗaure kai. Kusan duk limfomar da ke kama masu VIH daga ƙwayoyin B take tashi, alhali VIH ba ta zama a cikin ƙwayar B. Ke nan ba ita ce da hannunta ke mayar da ƙwayar ta zama sankara ba. Tana share fage ne, aikin kuma sau da yawa wata ƙwayar birus ce daban ke yin sa, wadda ta riga VIH shiga jikin da shekaru masu yawa.

An gano wannan birus ne ta hanyar yaran Afirka. A 1958 wani likitan fiɗa ɗan Ailan mai suna Denis Burkitt, da ke aiki a asibitin Mulago na Kampala a Uganda, ya wallafa bayanin wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙin yara cikin ƴan makonni. Da ya bi sawun inda ciwon ke faruwa, sai ya ga ya fi yawa a wurare masu ɗumi da ruwan sama, wato inda sauro ke da ƙarfi. A 1961 ya yi lacca a Landan, Anthony Epstein yana cikin masu sauraro, ya roƙi a riƙa aiko masa da tsokar ƙarin daga Kampala. A 1964 Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango birus ɗin a cikin ƙwayoyin. Shi ne ake kira Epstein-Barr, a taƙaice EBV, kuma shi ne birus na farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan Adam.

Abin da ya biyo baya ya fi ba da mamaki: ashe kusan kowa na ɗauke da shi. Sama da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya suna da EBV. Ta miyau yake yaɗuwa, kuma a ƙasashenmu yawancin yara suna kamuwa tun kafin su cika shekara 3, ta abincin da uwa ta tauna ta ba ɗanta, ta ludayin fura ɗaya, ta wasan yara. Ba a ma sanin ya shiga. Yana shigewa cikin ƙwayoyin B ya kwanta a can har ƙarshen rayuwa, kuma halinsa shi ne tunzura ƙwayar da ya shiga ta yi ta rabuwa, ta ƙi mutuwa lokacin da ya kamata ta mutu. A jikin mai lafiya ƙwayoyin T na sintiri dare da rana, duk ƙwayar B da ta fara wannan ɓarna sai a kashe ta. Manomin Adar ya san irin wannan zama da ƙuduji: irinsa na kwance a ƙasa shekara da shekaru, gona mai ƙarfi da ake kula da ita tana ba da hatsinta duk da haka, amma ranar da ƙasa ta gaji, hannun cirewa kuma ya yi ƙaranci, sai ya rufe gonar. VIH ita ke gajiyar da ƙasar, ita ke rage hannun.

Ina so wannan ya zauna sosai saboda abin da ke faruwa a gidajenmu. Idan aka ce birus na da hannu a sankarar wani, ba ana nufin za a ɗauki sankarar daga gare shi ba ne. Mai jinyarsa ma tun yana goye yake da nasa EBV. Ware wa majinyaci kwano da moɗa ba ya kare kowa daga komai, ƙara masa baƙin ciki kawai yake yi.

Sai dai EBV ba shi ne dukan labarin ba, domin wajen rabin limfomar masu VIH ne kawai ake samun sa a ciki. Akwai hanya ta biyu. Muddin VIH na yawo a jini ba a danne ta ba, garkuwar jiki ba ta hutawa, ƙwayoyin B suna cikin tunzuri kullum, suna rabuwa suna sake tsara ƙwayoyin halittarsu don haɗa sinadaran kariya. Aikin yanka da ɗinki ne, kuma yawan maimaita shi na kawo kuskure. Kuskuren da ya fi shahara shi ne wani yanki mai suna MYC, mai ba da umarnin rabuwa, ya tsinke daga kromozom (zaren gado da ke cikin ƙwaya) na 8 ya manne a na 14, wurin da ba a taɓa kashe shi. Daga nan ƙwayar ba ta sake tsayawa. Wannan ita ce limfomar Burkitt, wadda ƙwayoyinta ke iya ninka yawansu cikin kwana 1 zuwa 2. A yaran Afirka masassarar cizon sauro mai maimaituwa ce ke yin wannan tunzuri tare da EBV, kuma kusan duk ƙarin nasu na ɗauke da birus ɗin. A masu VIH kuwa kashi 30 zuwa 40 cikin 100 ne kawai na Burkitt ke da EBV, kuma tana iya tashi tun CD4 na da sauran yawa, mutum na tsaye da ƙafafunsa yana kasuwancinsa. Shi ya sa kyawun lambar CD4 ba hujja ba ce ta yin sakaci da kumburi mai saurin girma.

Sauran nau'o'in kowanne da inda yake fi so. Wadda ta fi yawa ita ce ta manyan ƙwayoyin B, kuma a masu VIH ba a kaluluwa kaɗai take tsayawa ba: tana fita a hanji, a tumbi, a hanta, a ɓargo. Akwai wadda ake kira plasmablastik, mai son baki da dasashi, wadda za a iya ɗauka ciwon haƙori ne. Akwai ta cikin ƙwaƙwalwa, wadda ke zuwa idan CD4 ta faɗi ƙasa da 50, kusan kullum da EBV a cikinta. Tana zuwa da ciwon kai, ruɗewa, farfaɗiya ko shanyewar ɓari ɗaya, kuma tana kama ƙwarai da ciwon toksoplasma, wata cuta da ke kama ƙwaƙwalwar masu sida, har likitoci kan fara ba da maganin toksoplasma na mako 2, in ba a ga sauƙi ba sai zargi ya koma kanta. Sai limfomar Hodgkin, wadda a masu VIH mafi yawanta na da EBV, kuma ita ba ta ja da baya ba kamar sauran bayan zuwan ARV, magungunan da ke danne VIH.

Akwai birus na biyu, ɗan dangin EBV. A 1994 Yuan Chang da Patrick Moore na jami'ar Columbia a New York suka gano shi a cikin sarkomar Kaposi, baƙaƙen tabon nan masu tudu da ke fita a ƙafa da dasashin masu sida. Ana kiransa HHV-8. Bayan Kaposi yana haddasa wata limfoma da ba ta yin ƙari sam, sai dai ruwa ya taru a ƙirji, ko a ciki, ko kewayen zuciya, kuma galibi ana samun EBV tare da shi a ƙwaya ɗaya. Ba ta da yawa, amma ta cancanci a ambace ta domin ruwan ƙirji a mai VIH ma tarin fuka ake fara ce masa.

Babu allurar rigakafin EBV ko HHV-8 da aka amince da ita har yanzu, kuma magungunan birus irin asiklobir ba sa fitar da wanda ya riga ya kwanta cikin ƙwayar B. Abin da ke hannunmu shi ne garkuwar da ke tsare su, kuma nan ne ARV ya sauya lissafi. Tun 1985 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa limfoma cikin cututtukan da ke nuna mutum ya shiga matakin sida. A wancan zamani haɗarin kamuwa da ita ga mai VIH ya ninka na sauran mutane sau 60 har sama da 100. Bayan da haɗin magungunan ARV uku ya fito a 1996, ƙididdigar Amurka da Turai ta nuna haɗarin ya sauko zuwa wajen ninki 10. Bai ɓace ba, amma tazarar babba ce. A 2015 manyan bincike biyu, START da aka yi a ƙasashe 35 da TEMPRANO da aka yi a Abijan, suka nuna cewa fara magani da wuri, ba tare da jiran CD4 ta faɗi ba, yana rage manyan cututtuka. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da VIH a sa shi a magani nan take.

Nijar ba ta cikin ƙasashen da sida ta yi wa katutu. Binciken ƙasa na 2006 ya sami kashi 0.7 cikin 100 na manya, na 2012 ya sami 0.4, kuma ARV kyauta ake ba da shi. A ganina wannan ƙaranci na da nasa haɗarin, domin ciwon da ba a yawan gani ba a saurin tuna shi, wanda ke da shi kuma ya fi ɓoyewa. Jihar Tahoua kuwa ƙasar ƴan biɗa ce. Da an gama girbi samarin Keita da Buza da Illela sun kama hanyar Abijan, ko Najeriya, ko Libiya. Mai shan ARV da ya tafi da maganin ƴan watanni ya daɗe fiye da yadda ya yi niyya, a garin da ba ya son ƴan ƙauyensu su gan shi a layin masu karɓar magani, sai ya yanke. Duk watan da ya yi ba magani, VIH na komowa jini, tunzurin ƙwayoyin B na komowa, sintirin da ke kan EBV na raguwa. Wanda zai yi tafiya ya je wurin da yake karɓar magani tun kafin ya ɗaure kaya, ya faɗi gaskiyar tsawon tafiyar, ya nemi maganin watanni da takardar da zai nuna a can.

Yanzu ga inda aka fi asarar rai. Alamomin limfoma su ne kaluluwa mai girma, zazzaɓi mai zuwa yana komawa, zufar dare da ke jiƙa riga da shimfiɗa, da ramar da ta kai kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki cikin wata 6. Waɗannan kuma su ne alamomin tarin fuka, harafi da harafi. Tarin fuka ya fi limfoma yawa nesa ba kusa ba, shi ne kan gaba wajen kashe masu VIH a duniya, maganinsa kyauta ne kuma yana kusa. Don haka majo a CSI, wato ƙaramar likita ta unguwa ko ƙauye, da ya ga mai VIH da kumburin wuya ya yi tunanin tarin fuka bai yi laifi ba. Matsalar tana faruwa ne bayan nan. An yi awon majina ba a ga komai ba, na'urar GeneXpert mai gano tarin fuka ba ta nuna komai ba, duk da haka an fara maganin wata 6 bisa zato, sai kowa ya kwantar da hankali saboda an sami suna an sami magani. Majinyaci na sha, kumburi na ƙaruwa, a ce masa ya yi haƙuri magani bai gama kamawa ba. Likitoci a Afirka ta Kudu, inda cututtukan biyu suka yi yawa, sun sha rubuta labarin masu limfoma da suka shafe watanni a kan maganin tarin fuka kafin a gano gaskiya. Wata 6 ga limfoma mai saurin girma ya isa ta bazu daga wuya zuwa ɓargo.

Hukuncina a nan ba shi da sassauci. Maganin tarin fuka da aka fara bisa zato gwaji ne, kuma gwaji na da wa'adi. Idan an yi ƴan makonni, wata guda a mafi yawa, zazzaɓi bai sauka ba, nauyi bai fara dawowa ba, kaluluwa na ƙara girma, to a koma likita ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba. Gaskiya ne kaluluwar tarin fuka ma takan ƙara kumbura na ɗan lokaci bayan fara magani, musamman ga wanda bai daɗe da fara ARV ba, amma wannan likita ne zai tantance, ba a zaune a gida ba. Kuma cututtukan biyu na iya haɗuwa a jiki ɗaya, don haka samun ɗaya bai kore ɗayan ba. Majinyaci ko ɗan'uwansa na da ikon cewa cikin ladabi: "Likita, ga shi muna shan magani kumburin na ƙaruwa, ko za a ɗebi tsokar a auna?" Ba rashin kunya ba ne. Kaluluwar da VIH kanta ke kawowa ƙanana ce, tana fita hagu da dama daidai, ba ta sauyawa. Wadda ta fito gefe ɗaya, ta wuce santimita 2, tana ci gaba, ita ce abin nema wa awo.

Awon shi ne biyopsi, a yanko kaluluwar ko wani yanki nata a duba ta a madubin likita. Tsotsa da allura kan wadatar wajen neman tarin fuka, amma limfoma sai an ga tsarin tsokar kafin a san nau'inta, nau'in kuma shi ke zaɓar magani. Abubuwa biyu ke tare wannan hanya a wurinmu. Na farko maganar nan da aka gada cewa daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya haukace. Na fahimci inda ta samo asali: mutane na zuwa likita a ƙurarren lokaci, a taɓa, su rasu, sai a ɗora wa wuƙar. Amma ciwon ne ya riga ya yi nisa. Abin takaicin shi ne wanda ya ƙi wuƙar likita sau da yawa ya yarda da askar wanzami, a yi sakiya a kumburin da ba ruwa a ciki, a bar shi da miki a jikin da garkuwarsa ta raunana.

Na biyu bai cika shiga bakin mutane ba, kuma ya fi damuna. Deksametazon da predinizon, ƙwayoyin da masu tallar magani a bakin hanya ke sayarwa don ciwon jiki ko don ƙiba, suna narkar da ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci. Mutum ya sha kwana kaɗan, kumburi ya ragu, ci ya buɗe, gida ya yi murna. Bayan makonni ya dawo fiye da da. In kuma aka yi biyopsi a tsakanin, mai duba tsokar na iya kasa ganin komai a fili, a rasa amsar da aka yi doguwar tafiya dominta. Duk mai kumburin da ba a san kansa ba ya nisanci waɗannan ƙwayoyi, in ya riga ya sha kuma ya faɗa wa likita.

Daga babban asibitin jihar Tahoua, hanyar mai limfoma takan kai shi Yamai, tafiyar kilomita wajen 550 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Can ne ake da masu duba tsoka, da likitocin jini, da Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa, wadda ta fara gashin sankara da haske a 2021 da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Amma ginshiƙin maganin limfoma shimiyo ne, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara. Ga nau'in manyan ƙwayoyin B haɗin da aka fi sani shi ne CHOP, magunguna huɗu, ana sa wa duk kwana 21, galibi sau 6. Idan awon tsoka ya nuna alamar CD20 a kan ƙwayoyin, ƙara wani magani mai suna rituksimab na ɗaga sa'ar warkewa. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Burkitt na bukatar haɗi mafi zafi da kwanciya a asibiti, da ruwa mai yawa a jijiya a kwanakin farko don kare ƙoda. Inda magani ya wadata kuma VIH na danne, sakamakon masu VIH ya kusa daidai da na marasa ita. Abin da ke karya mu shi ne makara da yankewa: a yi zagaye 2, kumburi ya baje, kuɗin mota da na masauki su ƙare, a ce ai ya warke. Dangin da za su haɗa gudummawa su lissafa ta wata 4 zuwa 5 tun farko, ba ta tafiya ɗaya ba.

Ba a ajiye ARV don ana shimiyo, tare suke tafiya, kuma dole likitan sankara ya san ainihin abin da majinyaci ke sha, ko da an ɓoye wa ɗan rakiya. Dalilin a fili yake. Cikin magungunan ARV, zidobudin na rage jini, shimiyo ma haka. Ritonabir na sa wasu magungunan shimiyo, irin binkristin, su taru a jiki su yi illa. Dolutegrabir, wanda yawancin masu magani ke kai yanzu, ba shi da wannan rikici sosai. Sai a auna ciwon hanta nau'in B kafin a fara, domin ya yi yawa a Nijar, kuma shimiyo, musamman rituksimab, na iya tayar da shi daga kwance ya lalata hanta. Tenofobir da lamibudin da ke cikin ƙwayar ARV ta yau da kullum suna danne shi, wanda ƙarin dalili ne na kada a tsallake ko kwana ɗaya. Kotrimoksazol ma, maganin da ake ba masu VIH don kare su daga wasu cututtuka, a ci gaba da sha sai in likita ya ce a dakata.

Tsakanin zagaye da zagaye majinyaci kan koma gida, kuma kwana 7 zuwa 14 bayan kowace shimiyo ne fararen ƙwayoyin jini ke faɗuwa ƙasa ƙwarai. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a wannan tsakani ba a ce masa masassara ce a sayo ƙwaya a jira gari ya waye. A daren za a tafi asibiti mafi kusa da takardar shimiyon a hannu, a auna cizon sauro, a ƙirga jini, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya ba tare da jinkiri ba. Saboda haka kafin a baro Yamai a sayi ma'aunin zafin jiki, a karɓi lambar wayar sashen da ke kula da majinyacin, kuma a tabbatar akwai mutum ɗaya a gidan da ya san karanta ma'aunin.